Shuɗin Gari a Cikin Kafso

Ruwan bahon ya daɗe da hucewa kafin matar ta tura ƙofar banɗakin. Mijinta na kwance a ciki, fuskarsa a ƙarƙashin ruwa, idanunsa a buɗe. Maƙwabta sun ce ba ta yi ihu ba. Saukowa ta yi da jiƙaƙƙen hannun riga, ta tsaya a bakin titi tana roƙon masu wucewa su zo su taya ta ɗaga shi.

Sufeto ya iso da hantsi, shi da Saja. Shi mutum ne mai jiki, irin wanda kujerar mota ke kuka in ya zauna. Saja kuwa mace ce siririya, bakinta ya fi ta nauyi. Gidan bene ne. A ƙasa akwai shagon gyaran agogo na mamacin da ɗakunan yayarsa, a sama shi da matarsa. Agogunan shagon na ta bugawa a bayan rufaffiyar ƙofa, kowanne da nasa lokacin, ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa.

Sufeto ya hau benen yana haki. Ya lura ƙafarsa ba ta yin ƙara, saboda an shimfiɗa wa matakalar kafet mai kauri, sabo fil. A falo ya ga an naɗe kowace kusurwar tebur da soso, an ɗaure da salatif. Haka hannun kujeru, haka gefen kantar talabijin.

"Yara nawa ne a gidan?" ya tambaya.

"Ko ɗaya babu, Yallabai," in ji Saja.

A bango akwai hoton aure. Angon ƙato ne, ya cika hoton har amaryar ta koma gefe. Sufeto ya kalli hoton, ya shiga banɗakin ya kalli gawar da aka shimfiɗe a ƙasa. Fuskar ɗaya ce, amma jikin kamar an sace rabinsa an bar fatar. Kusa da bahon akwai wata faffaɗar kujerar wanka da bokiti, an kewaye su da tabarmar roba mai laushi. Kujerar a bushe take, har da ƙura.

Likitan gawa ya buɗe bakin mamacin ya nuna masa. "Ya ciji harshensa, cizo mai ƙarfi. Sauran sai na duba."

Matar na zaune a falo ta yi tagumi. Sufeto ya zauna a gabanta.

"Ciwo ya yi da ya rame haka?"

"A'a, Yallabai. Magani yake yi a asibitin rage ƙiba. Allura ce, sau ɗaya a mako. Ya fi shekara yana yi."

"Wa ke karɓo allurar?"

"Ni."

"Sai me kuma yake sha?"

"Kafson gyambon ciki, kullum da safe. Tun kafin in aure shi yake sha. Yaya ce ke sayo masa, ni kuma in ba shi da shayi."

Ta kawo kwalbar. Babu takarda a jikinta, an kankare ta tas. Saja ta jefa ta a leda.

"Ina kike lokacin da ya shiga wanka?"

"Na tara masa ruwa, na fita sayen burodi. Layi ya riƙe ni."

Yayar mamacin, wadda duk unguwar ke kira Yaya, tana ɗakinta a ƙasa. Babbar mace ce, ta cika kujerar zaman mutum biyu. Labule a sake, ɗakin duhu-duhu. Hawaye na zuba a fuskarta ba ta sharewa, hannunta kuma na shiga gwangwanin biskit yana fitowa ba tare da ta kalle shi ba. Sufeto ya san wannan hannun. Irin nasa ne in ya fito daga ganin gawa ya shiga mota, inda burodi ba ya yankewa a aljihun gaba.

"Ita ta kashe min Auta," Yaya ta ce, muryarta a kwance.

"Me ya sa kika ce haka?"

"Auta ba ya shiga baho. Ba ya shiga, baho ba ya ɗaukarsa. A kujera yake wanka. In an same shi a ruwa, to sa shi aka yi."

"Ke kika rene shi?"

"Tun yana rarrafe uwarmu ta rasu. Ban yi aure ba saboda shi. Duk abin da ya shiga bakinsa daga hannuna ya fito, har ta zo ta kai shi wurin masu allura, suka tsotse min shi. Yanzu in na dafa, cokali biyu ya ce ya ƙoshi. Ya sa takalmi ya fita yawo kamar marar gida."

Ta tura masa gwangwanin. Ya ɗauki ɗaya kafin ya tuna a bakin aiki yake.

Sakamakon gwaji ya fito kafin ƙarshen mako, kuma bai yi wa matar daɗi ba. Mamacin ruwa ne ya kashe shi, amma farfaɗiya ce ta fara buge shi a cikin bahon. Kafson nan ba na gyambon ciki ba ne, ɓawonsa na maganin farfaɗiya ne. An buɗe kowanne, an zazzage farin garin da ke ciki, an ɗura wani shuɗin gari. Shuɗin garin daga wata ƙwayar rage ƙiba aka daka shi, irin wadda asibitin nan ke bayarwa.

Yaya ba ta yi musun farfaɗiyar ba. "Tun yana yaro yake da ita," ta ce. "Ni na ɓoye, ni nake kankare takardar kwalbar. Wace mace ce za ta aure shi in ta sani? Na yi shekaru ina tsare shi daga faɗuwa. Ni zan kashe shi?"

Mai ba da magani na asibitin, wani mai tabarau da ke yawan haɗiyar yawu, shi ya ƙarasa jefa matar a rami.

"Ta taɓa roƙona shuɗiyar ƙwayar," ya ce. "Wai ramar mijinta ta tsaya, in ƙara masa da ita ko abin zai yi sauri."

"Ka ba ta?"

"Ina! Na ce ta je ta tambayi Likita. Nan ba kanti ba ne, kowa da nasa."

Saja ta bincika ma'ajiyarsa, ba abin da ya ɓace. Ƙwayar kuma ba a samunta a gari sai da takardar likita. Wannan ya wanke mai tabarau, ya kuma nuna daga hannun wani majinyaci ƙwayar ta fito. Shugaban ofishin 'yan sanda bai ga wahala a nan ba. Matar na zuwa asibitin, tana zama da majinyata a ɗakin jira, ta nemi ƙwayar da bakinta, ita ke miƙa kafson, ita ta tara ruwan. Ya sa aka tsare ta, ya ce da an shiga sabon mako za a kai ta kotu da tuhumar kisan kai.

Amma ran Sufeto bai kwanta ba. Soson nan na kusurwar tebur ya tsaya masa a rai.

Asibitin rage ƙiba na hawa na biyu a wani dogon gini. Kujerun ɗakin jira faffaɗa ne marasa hannu, kuma rabon Sufeto da ya zauna a kujerar da ba ta matse shi ba har ya manta. Majinyata na zaune shiru, kowa na kauce wa idon kowa. Wani babban sikeli na tsaye a lungu, lambobinsa na ƙiftawa ko da ba kowa a kai.

"Yallabai, ko in karɓo maka kati tunda mun zo?" Saja ta raɗa masa.

"Ki karɓo wa bakinki."

Likita mace ce mai furfura kaɗan a goshi, da alama ba ta samu barci ba tun da labarin ya iso mata.

"Ke kika rubuta masa shuɗiyar ƙwaya?" Sufeto ya tambaya.

"Da na rubuta masa, da ni na kashe shi. Ya gaya min yana da farfaɗiya tun zuwan farko. Wannan ƙwayar tana tayar da ita."

"To me ya sa wani allura, wani ƙwaya? Ba ƙiba ɗaya ba ce?"

"Ƙiba ɗaya ce a ido, yunwar ce ba ɗaya ba." Ta gyara zama. "Akwai wanda cikinsa ke saurin zazzage abinci, ya ci ya ƙoshi, kafin a jima yunwa ta dawo. Irin mamacin ke nan, shi allura ke riƙe masa ciki. Akwai wanda ƙoshin ne ba ya isa ƙwaƙwalwarsa, sai ya ga ƙasan tukunya. Shi ma da nasa maganin. Akwai kuma wanda ba cikinsa ke jin yunwa ba. In ransa ya ɓaci, ko tsoro ya kama shi, ko kaɗaici, sai hannunsa ya tafi neman abinci shi bai ma sani ba. Irinsu nake ba shuɗiyar ƙwaya, in jikinsu zai ɗauka."

Ta faɗi na ƙarshen tana kallon ɓurɓushin burodi a gaban rigarsa. Sufeto ya kakkaɓe, kunya ta kama shi.

"Yaya kike gane wanda ya dace da wanne?"

"Akwai awo, akwai gwajin jini. Amma rabin aikin tambaya ce. Ina tambaya, mutum ya ba ni labarin cinsa, in yanka masa magani daidai jikinsa."

"In kuma mutum ya san amsar da ke kai wa ga shuɗiyar ƙwaya fa?"

Sufeto ya ga hannun Likita ya daina wasa da biro.

"Ranar da kika gaya wa mamacin ƙwayar nan haɗari ce gare shi, ku biyu ne a ɗakin nan?"

"A'a."

"Matarsa ce?"

"Ban taɓa zama da matarsa ba. Ya roƙe ni kada ta ji zancen ciwon." Muryarta ta yi ƙasa. "Sufeto, ba zan ba ka sunan majinyaci ba sai da takardar kotu."

"Ban tambayi suna ba. A cikin masu shan shuɗiyar ƙwaya, akwai wanda maganin bai taɓa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Akwai wadda ta hana ni sukuni. Ta dace da ƙwayar kamar don ita aka yi. Amma watanni sun wuce sikeli bai motsa ba. Masu shanta kan yi ƙorafin tashin zuciya ko bushewar baki a farko, ita ko sau ɗaya. Na ƙara mata yawan ƙwayar. Na sake ƙarawa." Ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Ni ina ta ƙara mata."

Daga nan ofis suka koma. Aka fito da matar daga ɗakin tsarewa, ta zauna a benci, ta faɗa sosai a 'yan kwanakin.

"Kin san mijinki na da farfaɗiya?" Sufeto ya tambaya.

"Sun gaya min shekaranjiya." Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Shekaru muna kwana gado ɗaya. Da ya gaya min, Yallabai, ina zan je? Ai da ban bar shi a ruwa shi kaɗai ba."

"Me ya sa kika nemi shuɗiyar ƙwaya?"

"Wauta ce. Na ji mata a ɗakin jira suna yabonta. Da aka hana ni, na bar zancen."

"Wa ya naɗe teburan falonku da soso?"

"Yaya."

"Yaushe?"

"Ba a fi wata biyu ba. Ta hau bene da ƙyar, ta yini tana ɗaurawa. Ta ce wai ko Allah zai kawo yara. Na ɗauka gori take min na rashin haihuwa, na shiga ɗaki na yi kukana."

"Kafet ɗin matakala fa? Da tabarmar banɗaki?"

"Duk ita. Har teburin gilashi ta sa aka fitar."

"Ina motarsa? Ban gan ta a gidan ba."

"Makullin ne ya ɓata. Muka nema har muka gaji, ya tura ta gareji a canza, Yaya ta ce a bari sai an samu sarari."

"A nan kusa, ya taɓa yi miki ƙorafin wani abu?"

"Ya ce kansa na yi masa wani iri, barci ba ya zuwa. Wani lokaci ina magana sai ya ƙura ido kamar ba ya nan. Na ce ya gaya wa Likita, ya ce gajiya ce."

"Yaushe ya fara shiga baho?"

A nan ne fuskarta ta canza. "Kwanan nan. Da can wanki muke tarawa a bahon, don ba ya ɗaukarsa. Ran nan da safe sai na ji yana ƙwala min kira. Na shigo a guje, na same shi zaune a ciki da kayansa a jiki, babu ruwa, yana dariya. Ya ce, ‘Zo ki gani, na shiga.’ Tun daga ranar kullum sai na tara masa."

"Yaya ta sani?"

"Ya ce kada a gaya mata. Duk abin da ya nuna ya rame ɓata mata rai yake."

Sufeto ya miƙe, benci ya yi ajiyar zuciya. Ya tura Saja neman takardar kotu, ta asibiti da ta bincike.

Da la'asar suka koma gidan. Ɗakin Yaya na nan yadda suka bar shi, sai dai yau fitila na kunne. A kan tebur an jera faranti biyu, an zuba abinci a duka biyun, na ɗayan ya huce har mai ya daskare. A tsakiyar ɗakin katifa ce a shimfiɗe a ƙasa, da matashi da tawul a ninke.

"Baƙo kike jira, Yaya?" Sufeto ya tambaya.

"Na saba zuba masa."

"Katifar fa?"

Hannunta ya tafi gwangwani.

Saja ba ta sha wahala wajen binciken ɗakin ba. A bayan kwanukan kabad ta samu makullin mota, da ƙaramin turmin ƙarfe mai shuɗi-shuɗi a gindinsa, da wata kwalba cike da farin gari, an rufe ta da kyau an naɗe a kyalle.

"Wannan maganinsa ne na gaskiya," Sufeto ya ce. "Ba ki zubar ba."

"Yaya zan zubar? Ai zan mayar masa."

Ta faɗi haka ne kamar mai zancen gishiri. Saja ta daina rubutu ta kalle ta.

Sufeto ya jawo kujera. "Bari in faɗa, in na yi kuskure ki gyara min. Ke kika raka shi asibiti ranar farko. Kina zaune Likita ta ce masa shuɗiyar ƙwaya za ta tayar masa da ciwo, kina ji ta faɗi irin mutanen da take ba. Da kika ga ya rame ya daina zama a teburinki, sai kika koma asibitin da sunan kanki. Ba ki ma yi ƙarya ba, yunwarki irin ta ƙwayar ce. Aka ba ki, ba ki sha ko ɗaya ba. Kina dakawa kina ɗurawa a kafsonsa kafin ki kai kwalbar sama."

"Sau ɗaya kawai nake so ya faɗi," ta ce. "Sau ɗaya. Ya tsorata, ya ce allurar ce, ya bar ta. Ya dawo ya zauna. Yana yaro in farfaɗiyar ta buge shi, ni ke riƙe masa kai a cinyata har ta sake shi. In ya farfaɗo ba ya neman kowa sai ni." Ta nuna katifar da haɓa. "Na shirya komai. Ba inda zai faɗi ya ji ciwo. Na bi gidan nan lungu-lungu. Motar ma na hana shi."

"Kin bi."

"To ka gani. Ni ban kashe shi ba. Faɗuwa ya yi, ita kuma ta gan shi a haka, ta ji ƙyama, ta ja shi ta tura a ruwa. Auta ba ya shiga baho."

Sai a lokacin Sufeto ya gane ba sharri take yi wa matar ba. Har zuciyarta ta yarda da abin da take faɗa, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

"Yaya, yaushe rabonki da ki kalle shi?"

"Kullum ina ganinsa."

"Wane wando yake sawa?"

Ya yi wa Saja alama, ta hau sama ta dawo da wandon da mamacin ya tuɓe a ƙofar banɗaki. Sufeto ya ɗaga shi a gabanta da hannu biyu. Ƙugun bai kai faɗin kafaɗun Sufeto ba.

"Wannan ba nasa ba ne," ta ce.

"Nasa ne. Ya yi makonni yana wanka a baho. Da ƙafarsa yake shiga. Kujerar da kika kewaye da tabarma har ta yi ƙura."

"Baho ba ya ɗaukarsa."

"Yana ɗaukarsa, Yaya. Ya ɓoye miki ne don kada ranki ya ɓaci."

Ta karɓi wandon ta shimfiɗa a cinyarta. Ta auna ƙugun da tafin hannu, ta sake aunawa. Ta bayan bango agogunan shagon suka fara bugawa, wannan na gamawa wancan na ɗauka. Hannunta ya tafi gwangwanin biskit, ya tsaya a bakinsa, ya dawo ba komai. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda Sufeto bai taɓa jin irinsa ba, kuma bai so ya sake ji.

A mota, bayan an wuce da Yaya, Saja ta ce, "Yallabai, ni har yanzu ban ga inda ka fara zarginta ba."

"Soso," ya ce. "Gida babu yaro, an naɗe kowace kusurwa. Wani ya san akwai babban da zai faɗi, kuma ba ya so ya ji ciwo. Mai son kisa ba ya shimfiɗa kafet. To wa ya san da farfaɗiyar? Likita da Yaya. Likita ba ta taɓa taka gidan ba, kuma da ita ce ba ta buƙatar turmi. Matar ba ta san ciwon ba. Da rama take so ta ƙara masa, a shayi za ta zuba ƙwayar, me zai kai ta zazzage maganin gyambon ciki? Wanda ya zazzage kafson ya san abin da ke ciki."

"Bahon fa?"

"Shi ya raba gardama. Wadda ta yi shirin ta tsare ko'ina, har gindin kujerar wanka, ta bar wuri ɗaya da ke kisa. Matar ta san yana shiga baho, ita ke tara ruwan. Mutum ɗaya ne a gidan da har yanzu ƙaton cikin hoton nan take gani. Sannan mace tana karɓar maganin yunwar ɓacin rai wata da watanni, ga hannunta a gwangwani. Ni na san hannun nan, Saja."

Wannan karon ba ta tsokane shi ba.

Takardar asibiti ta tabbatar da sauran washegari, aka saki matar. Sufeto da kansa ya kai ta gida. A hanya ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe tana kallon titi.

"Wa zai riƙa kai wa Yaya abinci a can?" ta tambaya. "Ba ta iya zama da yunwa."



A ƙofar gida ta tsaya riƙe da makulli, ba ta buɗe ba. "Yallabai, in roƙe ka wani abu? Tun ranar aka rufe banɗakin. Ruwan na nan. Ni na tara shi, ba zan iya sa hannu a ciki ba."

Suka hau matakalar da ba ta ƙara. Ta tsaya a falo, tsakanin teburan da aka naɗe. Sufeto ya yage tef ɗin 'yan sanda, ya tura ƙofar. Ruwan na kwance lumui, sabulu ya yi masa yana a sama. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu cikin sanyin har kafaɗa, ya zare toshiyar.

Bai fito ba sai da ruwan ya gama tafiya. Da ya fito, ya same ta zaune a ƙasa tana ɓare salatif daga kusurwar tebur a hankali, hawaye na sauka a kan soson.

"Da ka ga yadda yake dariya ranar," ta ce. "Wai na shiga."